Ƙugiyar da ta ɓace a jikin kwalbar humra

Saura wata biyu azumi wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra ta aiko a kira ni. Ta daɗe a sana'ar, wajen kakarta 'yar Barno ta gaje ta, kuma da wuya a yi wa amarya jere a unguwarsu ta cikin birni ba a ga kwalbarta a gaban madubi ba. Sai dai har lokacin a kwalbar Bama da aka wanke take zuba turaren, a rubuta hawi ko kajiji ko sandal da biro a 'yar takarda, a manna da salatif. Yanzu ta kama shago a wata filaza da ke titin Gidan Zoo, tana so kayan su fita da shigar da ta dace da ƙamshinsu. Abu huɗu ta nema: kwalin da za a sa kwalbar humra, sitikar jikin kwalba, allon saman shago, da hotunan da 'yarta za ta riƙa ɗorawa a WhatsApp da Instagram.

Sana'ata ke nan, tsara rubutu da zane a kwamfuta kafin a kai wa masu injin bugawa. Na zauna na rubuta yadda wannan aiki ya gudana ne saboda kusan duk rigimar da ke tsakanin haruffan ado na Turawa da rubutun Hausa, musamman ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ, ta taru a cikinsa, kuma ina ganin abokan sana'ata a Kano suna afkawa ramin nan ɗaya bayan ɗaya.

Font ɗin da aka kawo

'Yar Hajiya, ɗaliba a Jami'ar Bayero, ita ta zo da font ɗin, wato salon haruffan da za a yi rubutun da shi, a wayarta. Ta ce, "Yaya, wannan Umma take so, irin na kwalaben turaren Dubai." Da na buɗe shi a kwamfuta ban ga laifin zaɓinsu ba. Haruffa ne dogaye, tsayayyu ƙyam, sandar kowane harafi mai kauri, layukan da ke haɗa sandunan kuma sirara kamar zaren lilo. A gindin kowace sanda akwai 'yar ƙafa shimfiɗaɗɗiya, siririya ita ma, wadda masu sana'ar ke kira serif. Bakin a da c da f da r da y kuwa duk a dunƙule yake ƙarewa, kamar kan ashana. In ka rubuta kalma ɗaya da shi babba a kan farar takarda, sai ka ji kamar ka gyara zama.

Wannan salo yana da asali. A ƙarshen ƙarni na 18 mutum biyu suka kai shi inda ya tsaya: Firmin Didot a Faris, da Giambattista Bodoni a garin Parma na Italiya. Bodoni ya rasu a 1813, matarsa ce ta kammala babban kundin samfurin haruffansa ta fitar a 1818. Kafin su, haruffan ɗab'i suna bin sawun alƙalami mai faɗin baki da ake riƙewa a karkace, shi ya sa kaurinsu ke kwantawa gefe, bambancin kauri da siranta kuma bai cika yawa ba. Su kuwa sai suka bi sawun alƙalami mai tsini, wanda in ka danna ya buɗe baki ya zubo tawada, in ka sassauta ya bar layi kamar gashi. Duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalami a makarantar allo ya san yadda yankan baki ke sauya hannun mutum gaba ɗaya. Daga baya mujallun ado irin su Vogue da Harper's Bazaar suka ɗauki wannan salo suka rubuta sunayensu da shi, har ya zama in an gan shi sai a tuna turare, gwal da tufafi masu tsada. Abin da idon Hajiya ya gani ke nan, kuma daidai ta gani.

Abin da ba a gani a waya shi ne, haruffan nan an zana su ne don a buga su manya. Na shiga cikin font ɗin na auna. In aka raba tsayin gurbin harafi gida 1000, sandar tana da kauri 130, siririn layin kuma 16 kacal, wato wajen ninki takwas ke tsakaninsu. Poin ɗaya, ma'aunin girman rubutu, kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. To a poin 60 siririn layin zai kai kusan sulusin milimita, kowane inji zai iya fitar da shi. A poin 7, girman da ake rubuta bayanin jikin kwalba, bai wuce milimita 0.04 ba, bai kai kaurin gashin kai ba. Na ga wannan lissafi tun ranar farko. Zan zo kan yadda na gan shi kuma na ƙi aiki da shi.

Akwatuna a gurbin haruffa

Sunan kasuwancin Hajiya da Ƙ yake farawa. Ina buga shi a manhajar zane ta Corel sai ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin farko. Na gwada "turaren ɗaki", akwati. "Baƙar humra", akwati. A wayar 'yar Hajiya ba akwati ake gani ba, domin waya takan aro harafin daga wani font ta cusa, sai ka ga ƙ gajere mai kauri ya tsaya a tsakiyar dogayen haruffa kamar wanda ya shigo biki ba gayyata. Ita ba ta ma lura ba sai da na nuna mata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin masu zana font na ado a Turai da Amurka sukan cika haruffan harsunan yammacin Turai, in sun yi ƙoƙari su ƙara na Poland da Turkiyya, su rufe aiki. Haruffanmu suna cikin Unicode, kundin haruffan duniya da kwamfuta ke aiki da shi, tun farkon shekarun 1990, amma a warwatse suke: ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin masana furuci, manyansu Ɓ da Ɗ tare da ƙ da Ƙ suna wani rukunin daban. Wanda bai san Hausa ba zai ɗauka ɓ da ɗ kayan malaman jami'a ne, ba haruffan da miliyoyin mutane ke rubuta ɗa da ɗaki da ɓera da su kullum ba.

Mafita mafi sauƙi ita ce wadda kowa ke bi, a cire ƙugiyar a rubuta k da d da b. Zagaya Kantin Kwari ko Sabon Gari ka karanta allunan shaguna, za ka ga haka aka yi a mafi yawansu. 'Yar Hajiya ma ta ce, "Yaya, ai kowa zai gane." Gaskiya ne za a gane, kamar yadda ake gane maganar mai tsamin baki. Amma ni ban yarda ba, kuma na faɗa mata dalili. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Bari da ɓari, daka da ɗaka, kowanne da ma'anarsa. Haruffan nan kuma ba daga sama suka faɗo ba. Hanns Vischer, Baturen jami'in ilimi da ake kira Ɗan Hausa, wanda gidansa ke nan Nasarawa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, a zamanin da ake nuna waɗannan sautuka da ɗigo ko 'yar alama a gefen harafi. A shekarun 1930 hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta koma ga masu ƙugiya, littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, suka yaɗa su ko'ina. Da kwamfuta ta zo ba ta san da su ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zauna a shekarun 1990 ya ƙera font mai ɗauke da su, masu buga littattafai a Kano sun daɗe suna cin moriyar wanda ya sa wa suna Rabi'at. Irin waɗannan font na farko sukan ari gurbin wani maɓalli ne, shi ya sa har yau kake cin karo da tsohon rubutu an sa q a gurbin ƙ, x a gurbin ɗ, v a gurbin ɓ. Mutane sun sha wannan wahala duka don kada ƙugiyar ta ɓata. Ban ga yadda za a yi ni in zubar da ita don kawai kwali ya yi kyau ba.

Da muka je wa Hajiya da maganar ba ta ja ba. Ta ce, "Ɗan nan, sunan kakata ne a jiki. A rubuta shi yadda ake faɗarsa."

Akwai wata matsala kuma. Abin da yarinyar ta sauko da shi daga intanet samfurin gwaji ne, wanda mai shi ya rubuta ƙarara cewa ba na kasuwanci ba ne. Da yawanmu ba ma karanta wannan takarda, alhali haƙƙin mutum ne, wata da watanni ya yi yana zana abin. Hajiya ta sa ƙaninta da ke zaune a ƙasar waje ya sayi lasisin. Lasisin ya ba da damar a yi tambari da kwali da allo, amma ya hana a taɓa cikin font ɗin. Sai na rubuta wa mai zanen wasiƙa, na haɗa masa da hotunan shafukan wani tsohon littafin firamare, na ce ga haruffa shida da harshena ke buƙata, ina neman izini in zana su in ƙara don aikin wannan baiwar Allah kaɗai. Bayan kwana huɗu ya amsa ya ce bai taɓa sanin ana rubuta wani harshe da su ba, ya yarda.

Zanen ƙugiya

A nan na fi daɗewa, kuma nan ne na fi jin daɗin aikin. Da FontForge na yi, manhaja ce ta kyauta.

Abin da yaran shago kan yi in an matsa musu shi ne su mayar da rubutun zane, su yanko wutsiyar j ko kan f su liƙa a saman k. Daga nesa sai ka ce ya yi. Matsa kusa ka ga wurin ɗinkin, kauri bai zo ɗaya ba, lanƙwasar ta karye. Ƙugiya dole ta fito kamar da alƙalamin da ya rubuta sauran haruffan aka rubuta ta, a zama ɗaya. Saboda haka f na sa a gaba ina kallo, don shi ne harafin da ya riga ya nuna yadda wannan font ke lanƙwasa sanda: ta taso da kaurinta, ta fara ramewa tana karkata dama, ta sirance a ƙololuwa, sannan ta faɗo ta dunƙule. Na bi wannan tafiya amma ban kwafe ta ba, domin kan f ya yi faɗi da yawa.

Ɓ ƙarami bai ba ni wahala ba. Ƙugiyarsa tana da fili a saman cikinsa, ta zauna abinta kamar rumfa. Ƙ ƙarami ya fi shi gardama, saboda hannun k na sama yana miƙowa daidai inda dunƙulen ke son sauka, in ba ka yi hankali ba su haɗe su zama tabo. Na ɗan rage dunƙulen, na ɗaga shi sama kaɗan. Ɗ ƙarami shi ne mai taurin kai. Sandarsa a dama take, ƙugiyar kuma dama take tafiya, wato waje take fita ta shiga filin maƙwabci. Rubuta "ɗaki" lafiya lau, domin a gajere ne, ya shige ƙarƙashinta. Rubuta "faɗi" sai dunƙulen ya yi karo da ɗigon i. Rubuta "shimfiɗaɗɗiya" ko "haɗɗa" sai ƙugiyar ɗ na farko ta hau cikin na biyu. In ka buɗa tazara don gudun karon, sai rami ya bayyana a tsakiyar kalma. Dole na bi su biyu-biyu, ɗi, ɗɗ, ɗk, ƙƙ, ƙi, ɓɓ, ina saita tazarar kowane da hannu. A kan ɗi har sai da na zana wata ƙugiya ta daban mai gajeren wuya.

Manyan kuwa tsarinsu daban ne. Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take fita daga saman sanda, Ƙ kuma hannunsa na sama ne ke lanƙwashewa. Wannan Ƙ shi ne harafin farko a sunan, shi ido zai fara sauka a kai, na zana shi ya fi sau goma. A font ɗin, hannun K na sama siririn layi ne, ga shi kuma ana so ya ɗauki dunƙule mai nauyi a ƙarshensa, kamar reshen da ya yi 'ya'ya fiye da ƙarfinsa. Da na bi ma'auni sak sai ya fito kamar zai karye. Da na ƙara wa wuyan kauri kaɗan, wanda ma'auni bai yarda da shi ba, sai ya zauna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Na ƙara ƴ da Ƴ duk da mu a Najeriya 'y muke rubutawa, saboda Hajiya tana da masu sari daga Maraɗi da Damagaram, can kuwa mai ƙugiyar suke amfani da shi. Ita 'y ɗin ma tana da nata tarko. Kwamfuta in ta ga alamar a farkon kalma takan juya ta ta zama ta buɗe zance, mai kama da 6, alhali mai kama da 9 ake so. A ƙaramin rubutu ba mai kula, amma a harafi mai tsayin taƙi kowa zai gani.

Sitika dubu

Launin da muka zaɓa shuɗi ne mai duhu, irin na rinin Ƙofar Mata, rubutu kuma fari da ruwan gwal. Azumi ya kawo jiki, masu injin duk sun cika da aikin kalanda da katin biki. Na kai aikin wajen wani dattijo da na saba da shi a wajen Fagge, mai injin Kord. Ya ɗaga filet ɗin, wato farantin da inji ke buga aikin da shi, ya kalli haske, ya ce, "Malam, wannan ƙananan rubutun naka ba za su fita ba." Na ce, "Baba, a daure a buga, Hajiya na jira." Ban nemi a yi gwaji ba. Laifin nawa ne, kuma na riga na san lissafin.

Ga abin da ya faru. Kord launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, saboda haka takarda sai ta ratsa shi sau huɗu. Shuɗin nan namu daga tawada uku aka haɗa shi, siyan (shuɗi mai haske) da majenta (ja-ja) da baƙi. Farin rubutu kuwa ba tawada ba ce, gurbi ne da aka bari, farar takardar ce ke leƙowa. Kafin siririn layi ya fito, sai bugu ukun nan sun sauka a wuri ɗaya ba kuskuren ko rabin gashi. Takarda kuwa tana motsi, tana ɗan miƙewa in ta sha damshin inji, tawada ma tana ɗan bajewa in an danna ta. Kowane bugu ya ci gefen layin kaɗan, uku suka haɗu suka rufe shi ruf.

Sitika dubu aka buga. Sunan da ke sama, mai poin 48, ya fito tsaf, Ƙ ɗina yana ƙyalli. Bayanin ƙasa kuwa ya zama sanduna tsaitsaye ba abin da ya haɗa su, e ya koma c, n da u ba a bambance su. Wuyan ƙugiya, da yake shi ne mafi siranta, shi ya fara tafiya, ya bar dunƙulen yana yawo a sama kamar ƙurar da ta faɗa wa filet. Hajiya ta sa tabarau ta karanta a hankali, ta zo inda aka ce a rufe kwalba don kada ƙura ta shiga. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ni ƙura na ce, nan kuwa kura na gani." Wato wahalar mako biyu da na sha a kan ƙugiya, na zo na zubar da ita da hannuna a wajen bugu. Na biya kuɗin takarda da filet na biyu daga aljihuna.

Abu ɗaya ya tsira a sitikar ba ko ƙwarzane. Hajiya ta nemi a sa sunan da ajami a ƙasa saboda tsofaffin masu sayenta, wani malami a unguwarsu ya rubuta da alƙalami na ɗauka da sikana. Hannun Kano ne, mai kauri, baƙaƙen a cike, irin wanda aka san marigayi Sharif Bala Gabari da shi a Alƙur'anan da ya rubuta. Tawada ta ci gefensa kamar yadda ta ci na bokon, amma da yake akwai abin ci, ko alama bai nuna ba. Na daɗe ina kallon layukan nan biyu, ɗaya a kan ɗaya. Wannan hannu ma yanzu akwai font ɗinsa, Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar kyauta, ko da yake mu na malamin muka bari.

Gyara

Ƙananan bayanai duka na cire su daga font ɗin ado na mayar da su Charis SIL. Shi ma mai ƙafafu ne, saboda haka ba su yi faɗa da na saman ba, amma ƙafafunsa masu kauri ne. An gina shi a kan Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 musamman don injinan da ba sa iya fitar da siririn layi, kuma yana ɗauke da haruffanmu duka, manya da ƙanana, kyauta. Na kuma daina farin rubutu a kan duhu a wannan wuri, na buɗe fili ruwan madara na sa rubutun da tawada ɗaya. Shuɗin ma Baba ya ce a daina haɗa shi a kan takarda, ya dama shi a gwangwani ya buga shi sau ɗaya. Wannan karon sai da aka ja goma muka duba a bakin ƙofa kafin a saki inji.

Kwalin da foyil na gwal aka yi sunan. Foyil da zafi da dannawa ake manna shi, ta hanyar bulok na ƙarfe da aka sassaƙa rubutun a jiki, kuma in layi ya cika siranta gwal ɗin ba ya kamawa, sai ya riƙa ɓarewa. Saboda haka na sake zana sunan na ƙara wa sirarin layukan kauri daga 16 zuwa 30, sandunan na bar su yadda suke. Ina cikin yi na tuna ashe ba sabon abu na ƙirƙiro ba. A zamanin Bodoni kowane girman harafi da hannu ake sassaƙa shi a ƙarfe daban, ƙananan a ba su layi mai ƙwari da tazara mai faɗi, manyan a sirantar da su. Kwamfuta ce ta zo ta sa muke ɗaukar zane ɗaya mu ja shi mu rage shi, mu ɗauka duk ɗaya ne.

Allon shago

Allon mita huɗu ne, na fileks, a hawa na ɗaya. A nan kam na ce girma ya wadata, tunda siririn layin zai haura rabin santimita. Amma bayan abin da ya faru da sitika ban ƙara yarda da allon kwamfuta ba. Na buga sunan a takardu na jera su da salatif a barandar shagon, na sauka na tsallaka titi. Da la'asar ce, rana tana dukan ginin. Sandunan na gani, baƙaƙe ƙirin, sirarin kuwa hasken ya cinye su. Na tari Adaidaita Sahu na ce ya wuce da ni ta gaban wurin ya juyo. A cikin tafiya, ga girgiza ga cunkoson alluna kowanne na kiran ido, ban iya karanta sunan da na zana da hannuna ba.

Sai na yi zane na uku, sirarin layuka 48, na buɗa tazarar haruffa, na ƙara girman dunƙulen Ƙ don kada a karanta shi K daga nesa. Ya rage kyau kaɗan in ka tsaya kusa, amma ba wanda ke tsayawa kusa da allon da ke hawa na ɗaya. Gwal kuma na cire shi, domin injin fileks ba shi da gwal, rawaya da ja yake cakuɗawa ya ba ka ruwan ƙasa, ranar Kano kuma ta koɗar da shi. Ruwan madara na sa a kan shuɗi. Lambar waya ma ta fita daga font ɗin. Lambobinsa irin na da ne, masu hawa da sauka, 3 da 4 da 5 da 7 da 9 suna zurara ƙasa, 6 da 8 suna miƙewa sama, 1 kuma kamar I. A cikin jimla suna da daɗin gani, amma lamba goma sha ɗaya da mutum zai kwafa yana kan babur tana buƙatar su tsaya sahu ɗaya. Na sa su da haruffa marasa ƙafa, masu kauri.

Na WhatsApp bai ɗauki lokaci ba. Manhajar tana matse hoto don ya yi sauƙin aikawa, siririn layi mai haske a kan duhu kuma shi ke fara dagulewa. Zanen allon shago na ba yarinyar ta riƙa amfani da shi, na sa mata allon rubutun Hausa na Gboard a waya, na nuna mata inda ƙ da ɗ da ɓ suke.

An buɗe shagon saura kwana tara salla. Wajen wata biyu bayan haka yarinyar ta turo mini hoton sabon turare da Hajiya ta haɗa, ta tsara sitikar da kanta a kwamfutar shago, sunan yana da ɗ biyu a jere, kuma sun zauna ba su taɓa juna ba. Na wuce ta shagon na ɗauki kwali ɗaya na juya shi a hannu. A kan foyil, dunƙulen Ƙ ya ɗan fi na sauran haruffa nauyi, domin gwal yana ƙara wa abu girma a ido fiye da tawada, abin da ban lissafa ba. Hajiya ta ce ita ba ta ga komai ba. Kwalayen sun kusa ƙarewa, na riga na gaya wa mai sassaƙa bulok cewa sabo za a yi, zan rage dunƙulen da gida shida cikin dubu.